Baƙuwar Ɗakin Baba

"Baiwar Allah, na gode da shayin, amma ina matata?"

Mama ta ajiye kofin, ta fita tana share hawaye. Tun da jini ya zuba a ƙwaƙwalwar Baba ya daina gane fuska. Idonsa garau, amma sai ka yi magana yake sanin kai ne. Ni da ƙannena duk yana gane mu da murya. Mama ce kaɗai ta gagara.

Likita ya ce a lallaɓa shi, ban da ɗaga murya. Mama ta bi umarnin sau da ƙafa, kullum "sannu, maigida" ƙasa-ƙasa kamar mai raɗa.

Jiya ta tarar da ƙwayoyin maganinsa zube a bayan gado. Nan take ta manta da likita.

"Kai wane irin mutum ne? Da girmanka kana ɓoye magani? So kake ka mutu ka bar ni?"

Baba ya washe baki, ya kamo hannunta.

"Alhamdu lillahi, kin dawo! Ina kika shiga? Wata mata aka kawo mini, sai sannu, sannu. Wallahi duk ta ishe ni."