Sakamakon Haliru a Hannun Wani

Shekara huɗu ke nan da Haliru Yakubu ya gama difloma a fannin noma, amma bai taɓa cin moriyarta ba. Yana gamawa mahaifinsa ya rasu, ya koma 'Yankuzo ya kama gona don ya riƙe mahaifiyarsa, Inna Tambaya. A daminar farko ɗakinsa ya yi yoyo, sai ya kai takardunsa ajiya wurin ƙanen mahaifinsa, Baffa Sule, wanda ke da akwatin ƙarfe.

A shekarar 1998 ya ji a rediyo cewa wata kwaleji a Gusau mai ba da digiri tana ɗaukar ɗalibai. Mai difloma ba sai ya faro daga aji ɗaya ba. Za a duba kwasa-kwasan da ya riga ya ci, a ɗauki makinsu, ya shiga aji biyu kai tsaye.

Ya je karɓar ajiyarsa. Baffa Sule bai ko ɗago kai daga igiyar da yake tufka ba.

"Gara ta cinye su, Haliru. Sai haƙuri."

Haliru ya san gara ba ta huda ƙarfe, amma bai iya musu da ƙanen ubansa ba. Ya tafi tsohuwar makarantarsa, aka buga masa wani sakamakon, aka sa hatimi.

Ranar Litinin da hantsi ya miƙa takardar a ofishin rajista na kwalejin Gusau. Jami'in, Malam Ma'u, ya karanta lambar, ya tashi ya zaro wani fayil. Ya daɗe yana kallon biyun.

"Wa ya ba ka wannan?"

"Tawa ce, Malam."

"Mai wannan sakamako yana aji uku a makarantar nan. Da hannuna na ɗauki makinsa bara."

Ya leƙa taga ya ce wa ɗalibai su kira masa Haliru Yakubu. Ba a jima ba wani saurayi ya shigo riƙe da littattafai. Tajuddeen ne, ɗan Baffa Sule, wanda ya faɗi jarrabawar sakandare sau biyu, wanda aka gaya wa mutanen gari yana tsaron shago a Gusau.

"Tajuddeen? Mi kake yi nan?" in ji Haliru.

Tajuddeen ya dubi Malam Ma'u, ya dubi taron da ke bakin ƙofa.

"Ban san shi ba, Malam," in ji shi. Sai ya juya ya kwarma ihu: "Ɓarawon sakamako! Ga wani ɗan jabu ya zo da sunana!"

A makon nan aka kori wasu masu takardun jabu, ɗalibai suna cike da fushi. Ba wanda ya tsaya tambaya. Suka finciko Haliru ta wuyan riga, suka jefa shi ƙasa a gaban ofis. Wani ya cire bel ya shiga tafkarsa ta gefen ƙarfen. Wani ya karya ƙafar benci. Malam Ma'u yana ihu su dakata, aka ture shi ya faɗi.

"Ɗan'uwana ne! Ku tambaye shi! Gida ɗaya muka tashi!" in ji Haliru daga ƙasa.

Ƙafar bencin ta same shi a idon hagu, jini ya rufe masa fuska. Duk da haka bai saki takardarsa ba, ya dunƙule ta a hannun dama. Tajuddeen ya ja, ya kasa ƙwacewa. Sai ya ɗauki guntun bulo, ya take hannun da ƙafa, ya sauke masa sau uku. Da 'yan sanda suka iso, Haliru ba ya motsi.

A asibiti likita ya ce idon ya tafi. Yatsu uku kuma sun ragargaje, sai yankewa.

Malam Ma'u bai manta kalmar da ya ji ba, ta gida ɗaya. Ya je tsohuwar makarantar da kansa, aka buɗe masa fayil na asali. Hoton da ke manne a ciki na Haliru ne. Aka kama Tajuddeen a cikin aji.

Kwana biyu bayan haka Baffa Sule ya zo asibiti da ƙullin lemu. Ya zauna a bakin gado ya sassauta murya.

"Ka ce masu kai ka ara mashi. Ka rufa muna asiri. Na ga takardun kwance suke, kai kuma noma ka kama."

Haliru ya juya fuskarsa bango. Inna Tambaya ce ta miƙe, ta ɗauki lemun ta ɗora masa a cinya.

"Malam Sule, tun rasuwar yayanka ban taɓa ɗaga maka murya ba. Dubi hannun yaron nan. Dube shi da kyau, sannan ka fita."

Kotu ta ɗaure Tajuddeen shekara biyar, kwaleji ta soke duk abin da ya karanta. Takardun Haliru suka zauna a kotu a matsayin shaida har aka rufe rajista. Da aka dawo masa da su, hannun ba ya riƙe biro, ba ya riƙe fartanya. Cikin ɗaliban da suka doke shi, ko ɗaya bai zo dubiya ba. Gidan da kakansu ya bari ɗaya, yau katanga ce a tsakiyarsa.

Mai karatu, sakamakon jarrabawa gumin mai shi ne. Ba a ara, ba a sata, ko da yana kwance a akwati. Kuma in ka ji an yi ihun ɓarawo, tsaya ka tambaya kafin ka ɗaga hannu, don mai ihun yana iya zama shi ne ɓarawon.