Taransifoma ta Bakwai

Ba ta iya ganin kuskure ta yi shiru ba, kuma ba ta taɓa ɓoye wannan hali ba. Shi ya sa a ajinsu na injiniyan lantarki babu mai zama kusa da ita sai Dogo, abokin aikinta a binciken kammala digiri.

Da hantsi ya same ta a ɗakin kwamfuta, taswirar layukan wutar gari a gabanta, rahotonsu a buɗe.

"Malama, ranar Asabar kawunnaina za su je wurin Abbanki," ya ce yana murmushi.

Ba ta ɗago ba. "Lissafin nauyin taransifoma ta bakwai bai fita ba, Dogo. Ina ka samo waɗannan lambobin?"

Ya sosa ƙeya. "Ɗan gyara su na yi. Wa zai duba? Wutar cikin kwamfuta ce, ba ta ƙona kowa."

"Baɗi ta gaske za a damƙa maka."

"Ina miki maganar aure, kina mini maganar taransifoma?"

Sai a lokacin ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. "Ka ce wa kawunnanka su dakata. Ko mu sake lissafin tare, ko in cire sunana."

Ya saɓa jakarsa ya fita.

Ta zauna ita kaɗai har azahar. Mai shara ta shigo, ta kama kujerar da Dogo ya saba zama a kai za ta mayar lungu.

"Inna, don Allah bar ta nan zuwa gobe," ta ce wa mai sharar.