Yadda Aka Sauke Shaho Daga Sama

Hoton da aka rataye a zauren taron ya karkace, kuma tun da Hajiya ta zauna abin yake ci mata rai. Marigayi mijinta ne a ciki, yana saurayi, da hular matuƙa a hammata, yana wannan murmushin nasa na wanda bai taɓa jin magana ba. Sai da ta tura autarta ta daidaita shi sannan ta samu natsuwa.

Rundunar sojin sama ce ta shirya taron tunawa da shi. Zauren ya cika da tsofaffin abokan aiki masu dogara sanda, da matasan hafsoshi waɗanda karin gugar wandonsu kaɗai zai iya yanka mutum. Ba wanda ya kira marigayin da sunansa. Shaho kowa ke cewa.

Dogo, wanda ya yi shekaru yana zama a kujerar bayansa a jirgi, shi aka miƙa wa makirufo. An roƙe shi ya taƙaita, ya yi alkawari, ya kuma saɓa. Ya ba da labarin yadda Shaho ya kai abinci garuruwan da ambaliya ta yanke, da yadda ya sauke jirgi cike da sojoji masu rauni da inji ɗaya a filin ƙwallo. Hajiya ta lura filin nan kullum ƙanƙancewa yake yi a bakin Dogo. Yau har an dasa masa bishiyoyi a tsakiya.

Daga nan muryarsa ta yi ƙasa. "Yana cikin ganiyarsa aka kira shi gwajin lafiya. Ya shiga yana fito da baki, ya fito ba fiffike. Aka ce idon hagu ya fara mutuwa. Manya suka sa baki, kwamanda da kansa ya roƙa a kau da kai, likita kuwa ko gezau."

Matasan suka yi ta tsaki ƙasa-ƙasa. Dogo ya saci kallon layin gaba, tari ya sarƙe shi, ya nemi ruwa. Ya ƙarasa da cewa Shaho ya koma aji yana koyarwa, kuma rabin matuƙan da ke zauren ta hannunsa ko ta hannun ɗalibansa suka bi.

Da aka tashi shan shayi, wani matashin laftanar da aka ɗora wa kula da iyalin ya kawo wa Hajiya kofi. Yaro ne mai ladabi, da ganinsa ka ga mai son aikinsa. Sai dai da zai zuba mata, shayin ya sauka a gefen kofin. Ɗazu ma ta ga yadda yake karkata kai idan zai karanta takardar jerin masu jawabi.

"Tun yaushe?" ta tambaye shi.

"Tun yaushe me, Mama?"

"Idon nan na dama. Rufe na hagun ka karanta mini abin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton can."

Bai rufe ba. Ya waiga hagu da dama, ya durƙusa kusa da kujerarta kamar mai goge shayin da ya zube. Ya ce wani ɗan hazo ne kawai, yana zuwa yana tafiya. Gobe za su tashi a jere don karrama Shaho, shi ne a gefen jagora, kuma tun yana makaranta yake mafarkin wannan ranar.

"A jere," in ji Hajiya. "Fiffike kusa da fiffike. Su sauran 'ya'yan mutanen fa, ka gaya musu hazon yana zuwa yana tafiya?"

"Don Allah Mama ki rufa mini asiri. Likitocin nan ba su san zafin abin ba. Kin ji dai yadda wancan ya cuci Baba Shaho. Da ni ne, har abada ba zan yafe masa ba."

Hajiya ta kurɓi abin da ya samu shiga kofin. Ta gaya masa abin da Dogo bai faɗa ba: ba a daɗe ba idon hagun ya rufe gaba ɗaya, kuma da na daman Shaho ya ga 'ya'yansa da jikokinsa, ya ga ɗalibansa sun zama manya. Sannan ta nuna masa kwamandansu da haɓa, yana can yana fama da biskit.

"Wancan a falona ya yi karatun jarrabawarsa. Ko ka je wurin likita da ƙafarka yau ɗin nan, ko in ɗaga yatsa ya taho. Ta yiwu ma naka mai gyaruwa ne, tunda da wuri ne. Zaɓi."

Laftanar ya daɗe yana kallon hoton. Ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya ce zai je da ƙafarsa. Har ya juya sai ya dawo.

"Mama, shi Baba Shaho ya taɓa yafe wa likitan nan kuwa?"

Hajiya ta yi dariyar da ba ta yi ba tun rasuwar.

"Ina fa! Kullum sai ya zo ofis ya zazzaga mini masifa, da ya ga ba zan canja abin da na rubuta ba, sai ya aiko neman aurena."