Taiba Ta Zama Ruwa

"Ni ne injiniya!" in ji Jatau, ya kifa ƙoƙo a kai a madadin hular ƙarfe.

Lokacin ana ginin dam ɗin Bakolori, yaran Maradun ma suka tashi gina nasu da laka. Sallau ya zaɓi tuƙin katafila don ya iya gurnani. Maiwada ya ɗauki gadi don gwanin barci ne.

Taiba, ƙanwar Jatau, ta ce, "Yaya, ni fa?"

"Ke zama ruwa, ki ba mu wuri."

Dam ya kai gwiwa. Jatau ya rantse in ko ɗigo ya wuce, a tuɓe shi.

Mai gadi na tsakar minshari, sai ga Taiba a guje da tulu cike.

"Yaya, ruwa ya taho!"