Muryoyin da Aka Bari Sai Gobe

Tunda ka ce wannan sana'a za ka kama, bari in ba ka misali. An yi wani mai gina shafukan intanet, gwani ne na gaske, sai dai akwai shi da ganda. Wata malama ta ba shi riƙon shafinta. Ita aikinta bin ƙauyuka tana naɗar muryoyin tsofaffin mata, waƙoƙin daka da na niƙa da na raino. Duk abin da ta naɗo sai ta ɗora a shafin, ta goge na wayarta don ta sami wuri. Shi kuwa shafi gida biyu gare shi: na babbar na'ura, wanda duniya ke gani, da kwafin da ke kwamfutar mai gini, inda yake gyare-gyarensa. Ƙa'ida ita ce kafin ya taɓa komai ya fara sauko da abin da ya ƙaru a can, gidajen biyu su zama ɗaya. To, muryoyin nan nauyi ne da su, ga intanet ɗin unguwarsu da tafiyar hawainiya, ga cin data. Kullum sai ya kwashi rubutu da ƙananan hotuna, ya ce manyan sai gobe. Har damina ta wuce goben nan ba ta zo ba.

Ran nan, ba wanda ya aike shi, ya ga launin shafin bai yi masa ba. Ya gyara a kwamfutarsa, ya kuwa yi kyau, sannan ya umarci babbar na'ura ta koma daidai da nasa sak. Na'ura ba ta da hankali, abin da aka ce shi take yi. Duk abin da babu a wurinsa ta share shi tas. Bai ankara ba sai da malamar ta kira shi.

"Malam, jikokin wata Iya ne suka zo jin muryar kakarsu. Lokacin girbin nan Allah ya yi mata rasuwa. Na buɗe ban ga komai ba."

Nan take ya buɗe shafin. Ya duba nan, ya duba can, babu. Ga shafi yana sheƙi da sabon launi, amma ba murya ko ɗaya a cikinsa. Malamar ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Sallamar yaran kawai ta yi, suka koma gida. Bawan Allah nan ya yi nadama iya nadama, amma wadda ke ƙasa ba ta sake rera waƙa. Shi ya sa Hausawa ke cewa garin neman gira an rasa ido.