Kujerar Hagu

An kunna fitilun sinima, jama'a suna ta fita, amma wani mutum da matar da yake nema ba su motsa ba. Tsohon fim ne na barkwanci, kuma shi ya zaɓa, kamar kullum.

"Malama," ya ce yana murza tikiti a hannunsa, "ina so in turo magabatana."

Wata shida tana jiran wannan magana, yau ga ta ta zo, amma ta kasa ɗaga ido.

"Na ce mu kalli na 'yan sama jannatin nan da kowa ke yabo, ka ce hayaniya ce kawai. Wannan kuwa, tun kafin ɗan wasan ya buɗe baki kake dariya. Sau nawa kuka kalle shi da marigayiya matarka?"

Ya kalli tikitin da ke hannunsa. "Shi ta fi so."

"Na sani. Duk sanda dariya ta kama ka, hagunka kake waiwaya. Ni kuwa a dama nake zaune."

Ta ɗauki jakarta. "Allah ya ji ƙanta. Ranar da kake son kallon wanda ba ka san ƙarshensa ba, ka neme ni."

A bakin ƙofa ta waiwaya. Kujerar hagun yake kallo.