Garkuwar Da Ta Ƙi Fashewa

Kai Ɗanlami, tun ranar da aka hana ka kujerar nan kake yawo da fuska a murtuke, ko gaisuwa da ƙyar kake amsawa. Gyara zama in ba ka wani misali.

A zamanin da jiragen ruwa ke tafiya da iska, an yi wani ɗan sarauta na ƙasar Fotugal da aka tura gwamna wani ɗan tsibiri a tsakiyar teku, tafiyar wata biyu daga gida. Mutumin kirki ne, sai dai akwai shi da son girma, ga gaggawa kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Ana nan sai sarkinsu ya rasu bai bar ɗa ba, mutum biyu suka tashi neman gadon: ƙanen sarkin da ɗan 'yar'uwarsa. Kowa ya san hukuncin. Gwamnan da ya yi mubaya'a ga wanda ya faɗi, a sare kansa, garinsa kuma a banka masa wuta. Jirgin ƙanen sarki ne ya riga isowa, da manzo da takarda mai hatimi: a kira sunan ubangidansa a dandali, shi kuma gwamna a mai da shi gida a ba shi babban muƙami a fada. Shekara tara bawan Allah yana kewar gida. Bai ko nemi shawara ba ya ce ya yarda.

To, mutanen suna da wata al'ada. Ba a kiran sunan sabon sarki sai an rufe makokin tsohon, ba a kuma rufe makoki sai alƙalin gari ya ɗaga baƙar garkuwa ta katako ya buga ta a kan matakalar dutse ta fashe, da hannunsa, ba gatari ba guduma. A can gida kowane kafinta ya san garkuwar makoki aikin jeka-na-yi-ka ne, ruɓaɓɓen katako ake shafa wa baƙi. Amma marigayin ya yi shekara arba'in a kan gadon sarauta, babu wanda ya taɓa ganin an yi abin a tsibirin. Kafintansu kuwa wani tsoho ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen gyaran jiragen ruwa. Da aka ce masa garkuwa ce saboda sarki, sai ya ce ai abin sarki ba a yi masa ha'inci. Ya zaɓo itacen da ya fi kowane tauri, ya haɗa shi a gicciye, ya lulluɓe da fatar sa.

Ranar taro gari ya cika, kowa da baƙaƙen kaya. Alƙali ya ɗaga garkuwa ya maka ta a dutse. Ƙwam! Ko tsagewa ba ta yi ba, gefen matakalar ne ma ya ɓantare. Ya sake, ya kuma sakewa, har kafaɗarsa ta goce. Mata suka rufe baki da mayafi, kafaɗu na rawa. Gwamna ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya daka wa kafinta tsawa ya yi wata siririya. Tsoho ya kwashe kwana goma yana fere ta, ta fito sirit, gwanin kyau. Da aka buga ta sai ta lanƙwashe, ta yi tsalle daga hannun alƙali ta kwashe hular manzo. Wannan karon ba wanda ya iya riƙe dariya, har limamin cocinsu. "Ranka ya daɗe," in ji kafinta, "hannun nan bai iya aikin banza ba, kuma ya tsufa da koyo." Kafin a yi ta uku iska ta fara juyawa, in jirgi bai tashi ba sai baɗi. Manzo ya naɗe takardarsa ya tafi yana zage-zage, ba a kira sunan kowa ba. Gwamna ya tsaya a bakin teku yana kallon muƙaminsa na ɓacewa, ya yi kuka da hawaye, ya kuma rantse kada tsohon nan ya ƙara gilmawa ta gabansa.

Bayan wata bakwai sai ga jiragen yaƙi sun rufe bakin teku, da tutar ɗan 'yar'uwar sarki. Shi ya ci. A cikin jirgin farko har da gwamnan tsibirin maƙwabta a ɗaure da sarƙa, garinsa ya zama toka. Sarkin yaƙi ya sauko ya yi tambaya ɗaya: sunan wa aka kira a nan? Gwamna ya ce ba su kira kowa ba, har yau suna cikin makoki, garkuwa ta ƙi fashewa. Sarkin yaƙi ya ce a kawo ta. Ƙato ne, ya tattara ƙarfinsa ya buga, sai da haƙoransa suka haɗu. Ya dubi garkuwa, ya dubi gwamna, ya fashe da dariya har yana riƙe ciki, ya ce garin da ya ƙi daina kukan kawun ubangidansa ba garin ƙonawa ba ne.

Ran nan aka lallashi kafinta ya yi wa siririyar tsagi a baya da zarto, yana yi yana tsaki. Ta fashe, aka kira sunan sabon sarki, aka yanka shanu, aka yi kwana uku ana kiɗa da rawa. Gwamna da kansa ya je ya kamo hannun tsohon nan ya zaunar da shi a damansa, ya riƙa zuba masa nama. Garkuwar farko kuwa ya rataye ta a ƙofar ɗakinsa, kullum zai fita sai ya shafa ta, sannan ya shafa wuyansa.

Saboda haka ka saki fuskar nan, Ɗanlami, ka je ka ci tuwonka. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce wani hanin ga Allah baiwa ne.